Daga Zariya zuwa Jidda Awa Nawa Ne? Yadda Za Ka Lissafa Tazara da Lokacin Jirgi da Kanka

Mu mutanen Zariya da ƙarar jirgi muka tashi. Duk wanda ya zauna a Palladan ko Samaru ya saba da ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, masu shawagi tun da hantsi kamar shirwa ta hango 'yan tsaki. Tun 1964 kwalejin take nan tana yaye matuƙa. Amma ran da tafiya ta kama ka, ba daga nan za ka tashi ba, domin jiragen fasinja na yau da kullum ba sa ɗauka a filinmu. Dole ka nufi Kaduna, ko Kano, ko ka miƙa har Abuja. Shi ya sa tambayar "awa nawa ne?" take da amsa biyu a wurin Bazazzage: akwai awannin da jirgi zai yi a sama, akwai kuma awannin da kai za ka yi daga ƙofar gidanka zuwa masaukinka.

Abin da ya sa na fara kula da wannan lissafi kawuna ne. Wata shekara, kafin yaƙin Sudan, zai tafi Umra daga Kano. Ya zauna a zaure da takardar tikiti a hannu, tabarau a kan karan hanci, yana juya ta.

"Kai ɗan nan, zo ka duba min. Zuwa an rubuta za mu tashi ƙarfe 23:00 mu sauka 05:40, kusan awa bakwai ke nan. Dawowa kuma mu tashi 13:00 mu sauka 15:55, ko awa uku ba ta cika ba. Shin dawowar gangara ce?"

Na ce, "Kawu, ba gangara ba ce, agogo ne." Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to in yi masa bayani yadda zai gane. Bayanin da na yi masa a zauren nan shi ne zan shimfiɗa a nan, da ɗan ƙari.

Fara da sanin daga ina zuwa ina

Ba a auna tazarar jirgi daga gari zuwa gari, daga fili zuwa fili ake aunawa. Kowane filin jirgi yana da lakabi na haruffa uku da za ka gani a tikitinka: KAN shi ne filin Malam Aminu Kano, KAD na Kaduna, ABV na Abuja, LOS na Legas, JED na Jidda, MED na Madina. Ka duba waɗannan haruffa kafin ka biya ejan kuɗi. Jidda da Madina ba ɗaya ba ne ko kusa: wanda ya sauka Madina yana da tafiyar kusan kilomita 450 a gabansa kafin ya ga Makka, wanda ya sauka Jidda kuwa ƙasa da kilomita 100 ne. Akwai kuma batun harami, za mu zo gare shi.

Auna tazarar

Hanya mafi sauƙi ita ce Google Maps. Ka nemo filin farko, ka danna a kansa ka riƙe har alama ta fito, ka zaɓi wurin auna tazara, sannan ka ja zuwa fili na biyu. Lambar da za ta fito ita ce miƙaƙƙiyar tazara, wadda tsuntsu zai bi. Kada ka yi amfani da lambar da manhajar ke bayarwa in ka nemi hanyar mota, wannan da kwana-kwanar titi ta lissafa.

In zare ya fi maka daɗi, ka samu ƙwallon taswirar duniya irin ta makaranta, ka ɗora zare a kan Kano ka ja shi tsam zuwa Jidda. Inda zaren ya kwanta, nan ne hanya mafi gajarta. Za ka ga ya bi ta wajen Tafkin Chadi, ya ratsa ƙasar Chadi, ya shiga Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya. Kusan sawun da kakanninmu suka bi ke nan a ƙafa da kan jakuna zuwa Sawakin, suna noma da ƙodago a hanya, wasu su shekara biyu ko uku kafin su isa, wasu su zauna a Sudan har abada. A shimfiɗaɗɗiyar taswira ta bango wannan hanya takan ɗan yi kama da baka, musamman a doguwar tafiya irin ta Turai zuwa Amurka, domin duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗe take.

Ga mai son ya yi lissafin da hannunsa, ba wuya. Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu na digiri: ɗaya tana nuna yadda ya yi arewa daga tsakiyar duniya, ɗayar tana nuna yadda ya yi gabas. Filin Kano yana kan digiri 12.0 arewa, 8.5 gabas. Na Jidda yana kan 21.7 arewa, 39.2 gabas. Bambancin arewa ya zama digiri 9.7, na gabas 30.7.

Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne a ko'ina. Don haka 9.7 sau 111 ya ba mu 1,077. Digirin gabas kuwa yana tsukewa duk lokacin da ka ƙara yin arewa, kamar yadda ɓarin lemo yake da faɗi a tsakiya ya tsuke a kai. A tsakanin Kano da Jidda digiri ɗaya kimanin kilomita 106 ne, saboda haka 30.7 sau 106 ya ba mu 3,254. Yanzu ka ninka 1,077 da kanta, 3,254 ma da kanta, ka haɗa su, ka danna alamar √ a kalkuletar wayarka. Za ka samu 3,428. Ka ce kilomita 3,430, ba ka yi kuskure ba. Wannan dabara tana aiki sosai a tafiye-tafiyen yankinmu, amma in tazarar ta kai ta Legas zuwa Chaina, ko hanyar ta yi arewa da yawa, sai ta fara kaucewa, gara ka koma wa manhaja.

Ga wasu da na lissafa ta haka, don ka ajiye: Kaduna zuwa Jidda kimanin kilomita 3,600, Kano zuwa Madina kimanin 3,560, Kaduna zuwa Legas kimanin 635, Kano zuwa Legas kimanin 835, Kano zuwa Abuja kimanin 365, Legas zuwa Landan kimanin 5,000.

Ka kula da ma'aunin da aka ba ka. Wasu shafuka da mil suke rubutawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.609 ne. Matuƙa suna da nasu mil ɗin na teku, wanda yake kilomita 1.852. In ka ga an ce Kano zuwa Jidda 2,130 ne, ko 1,850, ba ƙarya aka yi ba, mudun ne ya bambanta.

Mayar da tazara ta zama lokaci

Manyan jiragen fasinja irin su Boeing 737 da Airbus A330 suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Masu farfela biyu a fukafukai, waɗanda ake sakawa a gajerun hanyoyi, gudunsu tsakanin 500 da 650 ne. Sai ka raba tazara da gudu: 3,430 a raba da 850 ya ba da awa huɗu da 'yan mintuna.

Amma jirgi ba ya fara gudun 850 daga ƙofar fili. Sai an tura shi baya, ya gangara a hankali zuwa titin tashi, wani lokaci ya bi layi, ya tashi, ya yi ta hawa na minti ashirin ko fiye, can kuma ya fara rage gudu tun yana nesa da inda zai sauka. Lokacin da ake rubutawa a tikiti daga motsawar jirgi a wannan fili ne zuwa tsayawarsa a wancan. Don haka ka ƙara minti 30 a kan duk abin da ka samu. Kano zuwa Jidda ya zama awa huɗu da rabi, in ka ƙara ɗan kwanan da hanyoyin sama suke yi, ka ce awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Wannan minti 30 ɗin shi ne ke cinye ribar gajeriyar tafiya. Kaduna zuwa Legas, 635 a raba da 800, minti 48 ne, ka ƙara 30, ya zama kimanin awa ɗaya da kwata. Kano zuwa Abuja kuwa tafiyar kanta ba ta kai rabin awa ba, amma a tikiti kusan awa guda za ka gani. Ko lemon da aka ba ka ba ka gama sha ba za ka ji ana cewa a ɗaura bel.

Abubuwan da ke ɓata lissafi

Na farko iska. Gudun jirgi a cikin iska yake, iskar kuma tafiya take yi. A can sama, musamman ta wajen Turai da arewacin Amurka, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa Landan zuwa New York yakan fi dawowa tsawo da kusan awa guda. A hanyarmu ta Saudiyya bambancin bai kai haka ba, kuma yana sauyawa tsakanin rani da damina, amma shi ne ya sa zuwan Kawu da dawowarsa suka bambanta da kwata guda.

Na biyu rufe sararin wata ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, aka rufe sararin samaniyarta, zaren nan da muka ja ya tsinke a tsakiya. Jiragen alhazan wannan shekara sai da suka riƙa kewayawa, tafiyar ta ƙara tsawo sosai, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kuɗin kujera ma ya motsa. Saboda haka lissafinka na hannu yana gaya maka mafi ƙarancin lokacin da tafiya za ta ɗauka ne. Don ka san abin da ake ciki a wannan makon, ka sa lambar jirginka a manhajar bibiyar jirage ta Flightradar24 ko FlightAware, za su nuna maka hanyar da ya bi da awannin da ya yi a kwanakin baya, har da yawan makarar da yake yi. Ni na fi yarda da wannan a kan bakin ejan.

Na uku namu ne na gida: hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ran da hunturu ya sauko da ƙura har ba ka iya hango ƙarshen gadar Kwangila, to ka sa a ranka jirgin Kano ko na Kaduna zai iya makara, ko a karkatar da shi Abuja, ko a soke shi ɗungurungum. Na taɓa zuwa ɗauko ƙanwata a irin wannan rana. Na bar Zariya da asuba, ina tuƙi da fitila a kunne har Kwanar Dangora, na isa da wuri ina jin kaina gwani. Allo ya ce jirgi zai sauka 09:30. Aka mayar da shi 11:00, aka mayar da shi 14:00, babu wanda ya fito ya yi mana bayani. Na ci gurasa, na yi azahar, na yi la'asar, sai bayan nan ta kira ni ta ce ko shiga jirgin ba su yi ba a Legas. Da na kira ta kafin na bar gida, da ban ƙona mai da yini a banza ba. Da damina kuma hadari ne ke sa jirgi ya yi ta zagaye a sama yana jiran sarari.

Agogo, wato matsalar Kawu

Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, agogon garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi na garin tashi, lokacin sauka na garin sauka. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, haka Habasha da Turkiyya. Dubai awa uku. Ingila tana bayanmu da awa ɗaya lokacin sanyinsu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma agogonmu ɗaya. Masar tana gabanmu da awa ɗaya, amma tun 2023 ta koma tura agogonta gaba lokacin zafi, sai ta zama awa biyu.

Dabarar ita ce ka mayar da komai agogon Zariya kafin ka yi ragi. Saukar Kawu 05:40 a Jidda, 03:40 ne a nan. Daga 23:00 zuwa 03:40 awa huɗu da minti 40. Tashinsa na dawowa 13:00 a Jidda, 11:00 ne a nan. Daga 11:00 zuwa 15:55 awa huɗu da minti 55. Da na nuna masa haka sai ya yi dariya, ya ce ashe dawowar ma ita ce hawa.

Wani tarkon kuma tsarin awa 24 ne. Duk lambar da ta wuce 12, ka cire 12: 15:55 huɗu saura minti biyar na yamma ke nan. Wanda ya fi kama mutane shi ne jirgin bayan sha biyun dare. In an rubuta 00:30 ranar Laraba, to daren Talata za ka kasance a fili, domin a tikiti rana tana sauyawa ne da sha biyun dare, ba da magariba ko asuba ba. Mu da muka saba cewa "daren Laraba" da ma'ana biyu, nan ne ake rasa jirgi. In kuma ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari za ka isa.

Tafiya gabas tana gaggauta lokutan salla: ka tashi bayan azahar, kafin ka farga rana ta faɗi. Ka yi alwala kafin ka shiga, ka kuma tambayi malaminka hukuncin haɗa salla da kasaru tun kana gida. Mai sauka Jidda da niyyar wucewa Makka kai tsaye ya lissafa cewa mikati yana zuwa ne gab da ƙarshen tafiyar, lokacin da layin banɗaki ya fi tsawo, shi ya sa da yawa suke ɗaura haraminsu tun a fili, su bar niyya sai an sanar. Wanda ya fara da Madina ba ruwansa da wannan, a Zul Hulaifa zai ɗauka.

In akwai yada zango

Tikiti mai araha sau da yawa ta Alƙahira ko Adis Ababa yake bi. Ka lissafa kowane ɓangare daban. Kano zuwa Alƙahira kimanin kilomita 3,100, Alƙahira zuwa Jidda kimanin 1,200, jimla 4,300. Ta Adis Ababa kuwa 3,330 ne da 1,400, sama da 4,700. A sama kaɗai ka ƙara awa ɗaya da rabi zuwa biyu a kan mai tafiya kai tsaye, kafin a zo zaman jira. Zangon da bai kai awa biyu ba ni ba na son sa, domin makara kaɗan a Kano ta isa ta sa ka rasa jirgi na biyu, ko kai ka shiga jakarka ba ta shiga ba. Wanda ya wuce awa shida kuma, in da tsoho ko mai ciwon ƙafa a tafiyar, rangwamen kuɗin bai kai wahalar ba.

Lissafin ƙofa zuwa ƙofa

Nan ne ainihin amsar take ga ɗan Zariya, kuma daga baya ake farowa. Jirgin Kawu 23:00 zai tashi. Tafiyar ƙasar waje ana son ka isa fili awa uku kafin lokaci, saboda awon kaya da duba biza da jami'an shige da fice, wato 20:00. Zariya zuwa Kano kimanin kilomita 150 ne, ka ba shi awa biyu da rabi, sannan ka ƙara cunkoson cikin Kano daga Na'ibawa zuwa filin jirgi, wanda da yamma yakan ci awa guda shi kaɗai. Ka ajiye wata rabin awa saboda faci ko shingen bincike. Da an sallame la'asar, ƙarfe huɗu, ya kamata mota ta bar ƙofar gida.

A can kuma, ya sauka 05:40, layin hatimi da jiran kaya su ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu in Umra ce, lokacin Hajji kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Mota zuwa Makka awa ɗaya da rabi. Ya shiga masauki wajen ƙarfe tara na safe agogonsu, bakwai agogonmu. Daga huɗu na yamma zuwa bakwai na safe awa 15 ke nan, a kan tafiyar da jirginta bai cika awa biyar ba. Da wannan lambar ake shirya maganin mai hawan jini ko ciwon suga, a sa shi a jakar hannu, ba a babbar akwati ba. Alhazan kujerar hukuma su ƙara da zaman sansanin alhazai na Mando a Kaduna, wanda shi ba a sa masa awa.

Irin wannan lissafi ne zai raba maka gardama a tafiyar cikin gida. Za ka Legas: Kaduna kimanin kilomita 80 ce daga nan, ka bi ta Jaji da Mararrabar Jos, daga Kawo ka karkata Mando, jirginta kuma ya fi gajarta da kilomita 200. In ka tafi Kano, ka yi arewa ne don jirgi ya sake dawo da kai kudu. Duk da haka jiragen Kano sukan fi yawa, in aka soke ɗaya kana da damar samun wani a ranar. In lokacin jirgin Kaduna ya dace da kai, ita ce zaɓi. In taron da za ka ba ya ɗaukar makara, ka duba inda jirage suka fi yawa a wannan ranar.

Abuja kuwa, ban ga dalilin da zai sa mutumin Zariya ya hau jirgin sama ba. Awa uku zuwa filin Kano, awa ɗaya da rabi na jira, awa guda a sama, sannan kusan wata awa daga filin Abuja zuwa cikin gari: sama da awa shida. Wanda ya shiga mota a Kwangila, ko ya je Rigasa ya hau jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, ya isa ya yi wanka kafin kai ka karɓi jakarka.

Wanda zai zo ɗaukar ka ran dawowa, ka tura masa hoton tikitin, ka rubuta masa lambar jirgin da lokacin sauka a agogon Najeriya, ka ce ya ƙara awa guda na fitowa. In daga Jidda za ka taso kai tsaye, kada ya tayar da mota daga Zariya sai ka kira shi kana zaune a kujerarka, domin awa huɗu da rabin da za ka yi a sama sun ishe shi ya ci abinci, ya sha mai, ya iso Kano ya jira ka.